Ranar da Dattijo Ya Yi Shiru

A asibitin haƙorin da ke saman shagon sayar da tayoyi, ɗaki ɗaya ne na'urar sanyinsa ba ta taɓa hutawa. Masu jira suna zaune a waje riƙe da kumatu, suna fifita da tsofaffin mujallu, sanyin kuwa yana can wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, wajen wani baƙin akwatin kwamfuta mai tsawon gwiwa, irin wanda masu gyara ke kira saba. A cikinsa ake ajiye sunan duk wanda ya taɓa buɗe baki a asibitin, da hotunan haƙoransa, da magungunan da jikinsa ba ya so. Ma'aikata suna kiran akwatin Dattijo.

Babban Likita ne ya saye shi, tun 'yarsa tana makarantar sakandare. Kullum da safe, kafin ya gaisa da kowa, sai ya leƙa ya ga koriyar fitilar tana ƙiftawa, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya kuma sa kujera mai laushi a ɗakin. Da rana ta take sai ya ce zai je ya duba lafiyar Dattijo, ya turo ƙofa. Wanda ya wuce ta wurin yakan ji ƙugin fanka, da wani ƙugin na biyu da ya fi shi kauri. Ba wanda ya taɓa tambaya, domin Anti mai karɓar baƙi ma a nan take ajiye robar ruwanta, Nas kuma kwanon abincinta.

Da 'yar ta gama karatu ta dawo, ta zama Ƙaramar Likita, sai ta zo da wani zance. Ta ce yanzu asibitoci sun daina ajiye akwati. Akwai manhajar da ake shiga ta intanet, bayanan kuma suna zaune a manyan kwamfutocin wani kamfani, can nesa. Masu sayar da ita suna kiran wurin gajimare.

Kowane ɓangare ya kawo shaidarsa. Mai tallan gajimare ya zo da ɗamarar wuya, ya rantse manhajarsu ba ta taɓa tsayawa ba, sannan ya roƙi a ɗan yi masa haƙuri kafin ya nuna, don sabis ya ɗauke. Mai gyaran Dattijo shi ma ya rantse akwatin bai taɓa ba da matsala ba, ya ce shi ne ya fi kowa sani, tunda shi ake kira duk wata ya gyara.

A gida aka ƙarasa maganar, ana cin abinci, Mama tana zaune tsakaninsu.

"To a ina yake, wannan gajimaren naki?" in ji Babban Likita.

"A wurare da yawa, Baba. Shi ya sa ba ya ɓata."

"Wato babu inda yake ke nan. Ni in Dattijo ya ɓata mini rai na san ƙofarsa. Shi wannan wa zan je in tsare da ido?"

"Ai Dattijon ma ba tsare shi kake yi ba, lallashinsa kake yi. Ranar da ya mutu fa? Shekarunsa sun kai a yi masa aure."

"Mamana," haka yake kiran 'yar tasa, "ki iya bakinki. Ranar da Dattijo ya faɗi a gaban majiyyaci, ni ma ranar zan ajiye awartaki in dawo gida in zauna."

Mama ta ajiye cokali. Ta daɗe tana son ya bar aikin, saboda bayansa da ke ciwo da jikokin da ba su san fuskarsa da rana ba.

"Na ji," ta ce, "kuma na riƙe."

"Baba, ni ban ce ka bar aiki ba," in ji Ƙaramar Likita da sauri. "Akwatin kawai na ce."

Amma magana ta riga ta fita, kuma Babban Likita ba ya janye magana a gaban matarsa. Aka yanke cewa za a yi aiki da su biyun har ƙarshen wata. Wanda ya fara tsayawa a gaban majiyyaci, shi za a kora. In Dattijo ne, ya tafi da maigidansa.

Wahalar farko a kan Anti ta faɗa, don kowane suna da kowane hoto sai ta shigar da shi sau biyu. Wahala ta biyu kuwa ita ce, daga ranar ba abin da ya sake lalacewa a asibitin, in dai bakin likitocin za a bi. In allon Babban Likita ya daskare, sai ya ce ya tuna bai wanke hannu da kyau ba, ya fita, a ji takunsa ya nufi ƙarshen baranda. In intanet ya ɗauke, sai Ƙaramar Likita ta ce ɗakin ya yi zafi, ta je taga ta miƙa wayarta waje iya tsawon hannu, kamar mai jiran ruwan sama. Majiyyata suka riƙa yabon tsabtar uban da son iskar 'yar.

Ana cikin haka Kawu ya zo. Yayan Mama ne, tsohon mai gyaran rediyo, kuma mutane sukan ce rediyoyin da ya gyara ne suka koya masa magana ba tsayawa. Abin da Kawu ya gani da safe, Mama za ta ji shi kafin ta sauke tukunya. Ciwonsa a muƙamuƙin ƙasa yake, ta hagu. Matauna biyu na can ƙurya duk suna sanye da hular ƙarfe wadda Babban Likita ya yi musu da daɗewa, iri ɗaya sak, ido ba ya raba su. A makon da ya wuce an ɗauki hoto, aka ga saiwar ɗaya daga ciki ta tsage, aka ce ya dawo a cire. Shi Kawu bai san wanne ba ne. In an tambaye shi sai ya shafa rabin fuskarsa ya ce duk unguwar ce ke ciwo.

Aka kwantar da shi a kujera. Allon Babban Likita yana kan tebur ta dama, yana kallon mai shi. Kwamfutar Ƙaramar Likita tana kan keken kayan aiki ta hagu, ita ma tana kallon mai ita. Kawu yana tsakiya, silin kawai yake gani.

"Suruki, ka yi mini a hankali," in ji Kawu. "Ka san ƙanwata na ba ka kyauta, ba da haƙora aka haɗa ba."

"Yaya, buɗe bakin. Yau dai kam da izini za ka buɗe shi."

Babban Likita ya yi masa allurar kashe zafi. Irin wannan allura ba ta zaɓen haƙori, gefen gaba ɗaya take kwantarwa. Suna jiran ta kama sai wuta ta ɗauke. Fitilar saman kujera ta mutu, aka ji janareta ya yi tari a ƙasa, sannan haske ya dawo. Abin bai wuce a sha ruwa ba.

Babban Likita ya duba allonsa. Ya zama toka-toka, da wani ɗan jan akwati a tsakiya mai cewa ba a samu saba ba. Ya danna, ya sake dannawa. Ya kasa kunne wajen baranda, bai ji ƙugin fanka ba.

Ƙaramar Likita ta duba nata. Wani ɗan zobe ne yake ta juyawa a kan farin allo, don na'urar intanet ita ma ta mutu da wutar, kuma ba ta saurin farfaɗowa.

Duka biyun suka gyara tsayuwa.

"Komai lafiya a wajenki, Likita?" in ji uban. A gaban majiyyaci haka suke kiran juna.

"Lafiya lau, Likita. A wajenka fa?"

"Dattijo ko gezau."

"Madalla. To karanto mana, wanne ne?"

"Ai ke ce ƙarama. Ki fara, mu ga kaifin gajimaren."

"Haba, ina ni ina shiga gaban manya."

Kawu ya ji daɗin wannan ladabi, ya ce zai faɗa wa ƙanwarsa ta iya tarbiyya. Maganar ta fito a karkace, domin leɓensa ya fara nauyi.

Ga inda matsalar take. Da ba a yi allura ba, da an ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, mai ciwon ya tona kansa. Yanzu ko guduma aka sa Kawu ba zai ji ba. Sabon hoto kuma ba ya fitowa sai a kan ɗaya daga cikin allunan nan biyu. Wanda kuwa ya ce a dakata, ya faɗi ke nan, a gaban mutumin da ya fi kowa iya kai labari.

Sai aka shiga jan lokaci. Babban Likita ya cire safar hannu ya sa wata. Ƙaramar Likita ta ɗaga kujerar, ta sauke ta, ta sake ɗagawa. Ya ce wa Nas awartakin nan bai yi masa ba, ta kawo wani. Ƙaramar Likita ta tambayi Kawu labarin rediyon farko da ya gyara, abin da duk dangi suka yi alkawarin ba za su sake tambaya ba. Kawu ya fara, da auduga a baki, yawu yana zuba, Nas tana tsotsewa da ɗan bututu. Ya kai inda mai rediyon ya dawo da ƙorafi, sai ya tsaya ya taɓa kumatunsa.

"Suruki, abin nan fa kamar yana sakina. Na fara jin harshena."

"Da sauransa, Yaya."

"To me ake jira? Kai da kake cika mana baki da Dattijo a gidan biki da gidan makoki, duba shi mana ka cire mini abin nan in tafi. Ko ya yi barci ne irin na maigidansa?"

Nas ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Babban Likita ya sunkuya kan allon toka, ya gyara tabarau, ya bi shi da yatsa kamar mai karatu. Yana ƙoƙarin tuno hoton makon jiya. Ya tuna baƙin layin da ya ratsa saiwa, amma a tsakanin ranar da yau ya ga bakuna masu yawa, kuma ya daɗe da barin riƙe irin wannan a ka, tunda akwai mai riƙe masa.

"Na ƙarshe ne," ya ce. "Na can ƙurya."

"Haka Dattijo ya ce?" in ji 'yarsa.

"Haka ya ce."

Ta ɗauki ɗan madubin nan mai doguwar mariƙa da ake duba bayan haƙori da shi, ta sa a bakin Kawu. Ba da niyya ta karkata shi ba da farko. Amma da ya karkata, sai ta hango kusurwar allon ubanta a ciki, toka-toka, da ɗan jan akwati. Ta ƙara karkatawa don ta tabbatar. Sannan ta dubi nata allon. Zoben yana nan yana juyawa.

Ta san in ta buɗe baki ta ci. Gobe za a fitar da akwatin, a mai da ɗakin wurin ajiyar kaya, ita kuma ta zauna ita kaɗai a asibitin. Ta dubi hannun da ke riƙe da awartaki. Hannun nan ne yake cire haƙori yaro bai gama kuka ba an gama, abin da har yau ita ba ta iya ba. Amma in ta yi shiru, kuma ya yi kuskure, Kawu zai tafi gida da mai ciwon a baki, lafiyayyen a cikin auduga.

Babban Likita ya kai awartaki bakin Kawu. Ya kama hular haƙorin ƙarshe. Ya tsaya. Gumi ya taru a saman takunkuminsa, ya gangaro kan tabarau. Kawu ya runtse ido yana jira, ya gaji da jira ya buɗe ɗaya.

A hankali Babban Likita ya saki haƙorin, ya janye hannunsa, ya ajiye awartakin a kan tire. Ƙarar ƙarfen ta cika ɗakin.

"Mamana," ya ce, ya manta da Likita, "akwai abin da zan faɗa. Yaya, kai ma ka ji, ka kai wa ƙanwarka yadda yake. Gaskiyar magana ita ce Dattijo..."

A daidai nan zoben ya daina juyawa. Hoton muƙamuƙin Kawu ya bayyana, fari da baƙi, da layin tsagewar a fili. Ba a haƙorin ƙarshe yake ba, a na kusa da shi yake.

"Dattijo ya yi daidai, tabaraunka ne suka yi gumi," ta katse shi, da ƙarfi fiye da yadda ta saba. Ta juyo da kwamfutarta gaba ɗaya ta fuskance shi. "Ga shi a nawa, na kusa da na ƙarshe ne. Na tabbata naka ma haka ya nuna. Goge tabaraun ka sake dubawa, Likita."

Ya dubi hoton ya daɗe. Ya dubi 'yarsa. Ya cire tabarau, ya goge su da gefen riga, ya mayar, sannan ya juya ga allonsa mai toka, ya yi masa kallon tsanaki.

"Haka ne," ya ce. "Na kusa da na ƙarshe. Sun yi baki ɗaya."

Ya canja safar hannu, ya ɗauki awartaki. Kafin Kawu ya gama tambayar me aka ce zai kai wa ƙanwarsa, haƙorin yana kan tire, da saiwarsa a tsage gida biyu.

"Ka ce mata an cire lafiya," in ji Babban Likita. "Ciza audugar nan. Kada ka yi magana sai yamma."

Wannan umarni ne kaɗai Kawu bai bi ba.

Da aka sallami sauran majiyyata, uba da 'ya suka tafi ƙarshen baranda. Ɗakin yana nan da sanyinsa, ga robar ruwan Anti, ga kwanon Nas, amma koriyar fitila ta mutu. Ya ɗora hannu a kan akwatin.

"Kin gani ta madubi," ya ce.

"Na gani, Baba."

"Ni ma na ga zoben naki a gilashin taga. Tun da wuta ta dawo yake wulwulawa kamar fankar da ba ta da aikin yi."

"To ai shi ya dawo."

"Ya dawo. Amma ya tafi tukuna, kuma a gaban majiyyaci. Da da alƙali a ɗakin, da mu biyun ya kora."

Ta zauna a hannun kujerar mai laushi.

"Ina so ka koya mini yadda kake juya hannu a kan na ƙasa," ta ce. "Ba na son ka koma gida ban iya ba."

"Abin yana ɗaukar lokaci."

"Na sani."

Mai gyara ya zo washegari, ya buɗe akwatin, ya shinshina, ya ce Allah ya ba da haƙuri, abin da ke ciki ya ƙone. Ya fara bayanin sabo, Ƙaramar Likita ta tare shi. Ta ce abu biyu kawai ake so ya tayar, fanka da koriyar fitila. Allon Babban Likita kuma a haɗa shi da gajimare ta intanet, a bar masa launin da ya saba gani. Bayanan ba su ɓata ba, albarkacin wahalar da Anti ta sha ta shigarwa sau biyu. Mai gyara ya ce a duk shekarunsa na aiki ba a taɓa ba shi gyara mai sauƙi haka ba, ya kuma ba da tabbacin cewa daga yau akwatin ba zai sake ba da matsala ba. Karo na farko ke nan da ya faɗi haka ya zama gaskiya.

Wata ya ƙare, aka kai wa Mama rahoto cewa babu wanda ya faɗi, don haka za a ci gaba da su biyun. Kawu ya ba da shaida da rantsuwa. Ya ce da idonsa ya gani, wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari, amma Dattijo da gajimare suka faɗi magana ɗaya kamar tagwaye. Ya yaɗa labarin har wani likitan haƙori daga ƙetaren titi ya zo ya leƙa ɗakin, ya tsaya gaban akwatin hannu a baya, ya tambayi sirrin.

"Sanyi," in ji Babban Likita, "da rashin takura masa."

Abu ɗaya ne ya ɗaure wa Anti kai, ita da aka ce ta daina shigarwa sau biyu don wai yanzu su biyun suna gaya wa juna. Duk ranar da intanet ya ɗauke, sai allon Babban Likita ma ya tsaya. Ta kai masa ƙara. Ya girgiza kai cikin takaici, ya ce zama da gajimare ne ya ɓata wa Dattijo tarbiyya. A irin wannan rana akan ga likitocin biyu a bakin taga, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya miƙa wayarsa waje.

Wata rana da rana tsaka Mama ta biyo ta asibitin daga kasuwa. Aka ce mata Likita yana duba lafiyar Dattijo. Ta tura ƙofar ba sallama, ta same shi ya miƙe ƙafa a kujera, takalma a gefe. Ya farka ya hau neman tabarau. Ta je ta ɗora tafin hannu a kan akwatin, yadda ta sha ganin yana yi, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Da can in na taɓa shi da ɗumi," ta ce. "Yau sanyi ƙalau."

"Lafiya ce ta samu."

Ta dubi koriyar fitilar tana ƙiftawa, ta dubi mijinta, wanda tun da aka fara zancen barin aiki ba ta ga fuskarsa a sake haka ba. Ta ɗauki jakarta.

"To Allah ya ƙara masa lafiya," ta ce. "In ka gama duba shi, ka dawo gida da wuri. Jikokinka suna nan."

Ta jawo masa ƙofar a hankali, don kada sanyin ya fita.